Reshen da Baba Velaphi Mbokazi Bai Kai Gida Ba

Cikin alhini mai nauyi da karayar zuciya, Ƙungiyar Dawo Gida ta Tsofaffin 'Yan Gwagwarmaya, shiyyar arewacin KwaZulu-Natal, take sanar da 'ya'yanta, da iyalan Mbokazi da na Zibane, da ɗaukacin al'ummar ƙasar nan, cewa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta kuma ya shugabance ta, Mai Girma Kwamared Baba Velaphi Mbokazi, tsohon jagoran 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Durban, tsohon kwamandan dakarun 'yanci a bakin iyaka, tsohon fursunan tsibiri, kuma tsohon ɗan majalisar dokokin lardi, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Talatar da ta gabata, a cikin motar haya, tsakanin gadar Pongola da garin Mkuze, yana da shekara tamanin da ɗaya a duniya.

Mun ce ƙungiya ta samu labari ne domin haka aka saba rubutawa. Amma wanda ya sa hannu a ƙasan wannan takarda ba labari ya samu ba. Yana zaune a kujerar bayansa, yana kallon ƙeyarsa, lokacin da abin ya faru. Saboda haka, da izinin uwarmu Mama MaGumbi, matar marigayi, da izinin 'ya'yansa, za mu faɗi yadda ya rayu da yadda ya rasu, tunda mun ji wasu gidajen rediyo suna cewa daga ziyarar 'yan'uwa yake dawowa. Ba ziyara ya je ba. Aiki ya je, kuma a bakin aikin ya faɗi.

An haifi Baba Velaphi a ƙauyen Mahlabeni, a hayin kogin Mfolozi, inda ya yi kiwon shanun mahaifinsa har zuwa shekarar da hukuma ta zo ta ce shanun sun yi wa ƙasa yawa, alhali gonar Bature ɗaya da ke maƙwabtaka da su ta fi ƙauyen gaba ɗaya faɗi. Da takardar wucewa a aljihu ya sauka Durban, ya shiga dakon buhunan sukari a tashar jiragen ruwa. Waɗanda suka san shi a lokacin sun shaida cewa ba shi ya fi kowa ƙarfi ba, ba shi ya fi kowa karatu ba, amma babu wanda ya kai shi baki. Da buhu a kafaɗa yana magana, da tuwo a baki yana magana. Ranar da 'yan dako suka ajiye aiki a babban yajin nan na farkon shekarun saba'in, shi aka ɗora a kan durom, ya yi ta bayani tun rana tana tsaka har inuwa ta juya, kuma ko buhu ɗaya bai motsa ba.

Gwamnatin wariyar launin fata ta gane cewa bakin nan ya fi mata bindiga haɗari, sai ta ƙaƙaba masa dokar hana magana: kada ya halarci taro, kada jarida ta buga kalmarsa, kada a gan shi da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda. Matasan yau za su ɗauka tatsuniya muke yi. To, Baba Velaphi yana da wani ramammen kare da ya sa wa suna Sajan, gidansa kuma yana daura da inda ma'aikata ke layin bas da safe. Kullum sai ya fito bakin shinge, ya zaunar da karen, ya ɗaga murya: "Sajan, kai da ba ka biyan kuɗin haya, zauna in gaya maka yadda ake cin gumin mutum!" Sai layin bas ya yi tsit, kowa na kallon takalminsa, kowa na ji. Da aka gurfanar da shi, cewa ya yi, "Ya Mai Shari'a, ni da karena nake hira. In mutane sun kasa kunne, ai su za a tuhuma da gulma." Mama MaGumbi, wadda ta sha wahalar kai masa abinci ofishin 'yan sanda, ta sha faɗa a gabanmu cewa ita rediyo ta aura, kuma masu ƙera shi sun manta ba su sa masa wajen kashewa ba.

Da ƙasa ta yi masa zafi ya tsallaka iyaka, ya samu horo a ƙasashen da suka ba mu mafaka, aka damƙa masa aikin da ya fi kowane ɗaci, wato shigo da matasan dakarunmu gida ta bakin iyakar Suwazilan. Da yawa ya shigo da su lafiya. Wasu kuwa ba su ƙetare ba. Cikinsu akwai Kwamared Fanyana Zibane, ɗan maƙwabcinsa a Mahlabeni, wanda shi da kansa ya jawo shi cikin gwagwarmaya. An yi musu kwanton ɓauna a wata gonar rake can hayin iyaka, harsashi ya samu Fanyana, ma'aikatan gonar suka binne shi a ɓoye saboda tsoro, ba dutse, ba alama. A wannan harin ne aka kama Baba Velaphi, aka shigo da shi ɗaure, aka yanke masa hukunci, aka kai shi kurkukun tsibiri, inda ya zauna har gashin kansa ya yi fari. Ko a can bai yi shiru ba. Muna da shaidar cewa akwai gandiroban da ya nemi a canja masa wurin aiki don kunnensa ya huta da tarihin ƙasar nan.

Bayan an buɗe ƙofofin kurkuku, bayan mun tsaya a dogon layin nan mun kaɗa ƙuri'armu ta farko, jama'a suka tura shi majalisar lardi, inda ya yi zango biyu yana faɗa a kan ruwan famfo, da fanshon tsofaffin 'yan dako, da mayar wa mutane filayen kakanninsu. Shugaban majalisa ya sha kaɗa masa ƙararrawa har hannu ya gaji. Da aka zo masa da zango na uku, da alkawarin babbar kujera da mota mai jiniya, sai ya ce a kai kasuwa. Ya ce, "Ni na fita da 'ya'yan mutane, ban dawo da su duka ba. Wanda ya kora shanu kiwo ba ya zama cin tuwo sai ya ga ta ƙarshe ta shiga garke." A wannan shekarar ya kafa ƙungiyar nan, kuma sunanta shi ne aikinta.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake yi wa wanda ya mutu nesa da gida. Ko an samu gawa ko ba a samu ba, ruhin mutumin yana can inda ya faɗi, har sai an je da reshen umlahlankosi, ƙayar nan ta magaryar kura, an kira shi da sunansa, an ce masa ya tashi a tafi. Mai ɗauke da reshen yakan biya masa kujera a mota, ya gaya masa kowane gari da kowane kogi da za a haye, kuma tun daga inda aka ɗauko shi har ƙofar garken gidansu ba ya waiwaye, ba ya cewa uffan ga mai rai, ko gaisuwa ba ya amsawa. In ya yi, mamacin ya juya ke nan, sai an sake sabon lale. Baba Velaphi ya raka iyalai zuwa Angola, da Tanzaniya, da Zambiya, da Mozambik, a bas, a bayan akori-kura, wani lokaci a ƙasa. Gidan da ba shi da babban da zai ɗauki reshen, Baba Velaphi ake ɗora wa. Mu kuwa mukan tsokane shi mu ce ashe abin da gwamnatin Turawa ta kasa da kotunanta da karnukanta, ɗan reshen ƙaya ya iya. Sai ya yi dariya ya ce, "Wa ya ce muku shiru nake? Ku ne dai ba na yi da ku."

Duk wanda aka san inda ya faɗi an dawo da shi, sai Fanyana Zibane. Gonar ta canja hannu, waɗanda suka binne shi sun watse, mahaifiyarsa ta rasu tana jira. Yayarsa, Gogo Sizani Zibane, ita kaɗai ta rage a gidan, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Akuyar da aka keɓe domin ranar dawowarsa ta tsufa ta mutu, aka keɓe 'yarta, ita ma ta bi uwar. Wadda ke turke yanzu jika ce ko tattaɓa-kunne, Gogo ce kaɗai ta sani. Duk lokacin da Baba Velaphi ya je gaishe ta, magana ɗaya ce: "Velaphi, yaron nan yana zuwar min a mafarki, ba riga a jikinsa, sanyi yake ji. Kai ka tafi da shi. Kai za ka dawo min da shi, tun ina iya jin an buɗe ƙofa." A watan jiya ne wani tsohon mai yankan rake ya aiko cewa ya tuna wurin, a gindin wata bishiyar ɓaure.

'Yarsa ta fari, Dakta Nokwazi Mbokazi, likitar zuciya ce a Durban, kuma ita ta fi kowa sanin halin da zuciyar mahaifinta ke ciki. Ta hana shi tafiyar, ta roƙe shi, har fasfonsa ta ɓoye. Ya nemo abinsa a cikin tukunyar da ba a girki da ita, ya ce mata, "Ke da roba a kunne kike sauraren zuciyar nan, ni kuwa da ita nake kwana. Na fi ki sanin abin da ke damunta." Mai sa hannu a wannan takarda shi ya raka shi, domin ya riƙa magana da jami'an iyaka da direbobi a madadinsa, kamar yadda aka saba.

An isa gindin ɓauren da hantsi. Ya ƙona turaren ganye, ya durƙusa, ya shafi ƙasa da reshen, ya ce, "Fanyana, ɗan Zibane, ni ne Velaphi. Na makara. Tashi mu tafi, yayarka tana jira." Daga nan bai ƙara yi da mu ba. Da muka wuce iyaka muka shiga ƙaramar bas ta haya, aka biya kujera uku, ya ɗora reshen a ta kusa da taga, ya ɗaura masa bel. Fasinjoji suka gani, suka gane, direba ya kashe kiɗa. Muna jin sa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ga iyaka mun bari a baya, Fanyana. Ka ga ba wanda ya tare ka." Da muka zo gadar Pongola ya ce, "Ga kogin nan. Ta kan gada za mu bi, da rana tsaka, ka ji? Ba sai ka cire takalmi ba."

Bayan gadar ne muka ga gumi ya jiƙe wuyan rigarsa, ya dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan yana kan reshen. Aka ce, "Baba, lafiya?" Bai waiwayo ba. Wata mata da ke gefe ta ce, "Direba, tsaya mana, tsohon nan ba shi da lafiya!" Sai ya ɗaga hannu, ya yi wa direba alama a madubi cewa a ci gaba, da fuskar nan tasa da ba a yi wa gardama. Akwai asibiti a gefen hanyar, mun wuce muna ganin allonsa. Kalma ɗaya ta isa a juya mota. Mutumin da aka kasa rufe wa baki tun yana saurayi ya danne wannan kalma ɗaya, domin ya san in Fanyana ya juya, shi ba shi da wata tafiyar a jikinsa, Gogo Sizani kuma ba ta da wani jiran. Abu na ƙarshe da aka ji daga bakinsa, ga reshen ya faɗa: "Fanyana, zauna nan. Kada ka sauka sai an zo an kira ka da sunanka." Sannan ya jingina goshinsa da kujerar gaba. Kafin mu shiga Mkuze rai ya yi halinsa.

Ƙungiya tana miƙa godiya ta musamman ga direban motar, Mista Muzi Shandu, wanda ba ɗan ƙungiyarmu ba ne, bai kuma taɓa sanin marigayi ba sai a hoto. Bayan an ɗauke gawa, ya kai motarsa ƙarƙashin inuwa a tashar Mkuze, ya ɗan sauke gilashin taga, ya kulle, kuma tun ranar bai yi lodi ba. Da 'yan kamasho suka dame shi, cewa ya yi, "Ku ƙyale ni, ina da fasinja bai sauka ba. Da kunnena na ji an ce masa ya jira. Wane ne ni da zan ce masa ƙarshen hanya ke nan?" Reshen yana nan a kujerarsa, da bel ɗinsa, har wannan lokaci da muke rubutu. Matan da ke sayar da gasasshiyar masara a tashar kan gaishe shi in sun zo wucewa.

Ba za mu ɓoye wa jama'a ba, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, cewa Dakta Nokwazi ta zo ofishinmu washegari, kuma ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Ta tsaya a tsakar ɗaki, ta dubi mai sa hannu a wannan takarda, ta ce, "Ku manya ne fa, kuna kallo! Da an shigar da shi asibitin nan da yanzu ubana yana raye. Kun bar shi ya mutu saboda ƙaya. Ƙaya, Baba Dalisu!" Wannan takarda ba amsa ba ce gare ta. Abin da ta faɗa a kan asibiti gaskiya ne, ita ce likita. Abin da ya yi a motar kuma shi ya zaɓa, da hankalinsa, kamar yadda ya zaɓi duk abin da ya yi tun yana kan durom a tashar jirgi. Gaskiyar nan biyu suna gabanmu, kuma har yau mun kasa haɗa su wuri ɗaya.

Daga wurinmu ta wuce Mahlabeni, gidan Zibane, kuma da bakinta ta ce faɗa ta je yi. Ta tarar da Gogo Sizani zaune a tabarma, ta riga ta sa an kwance akuyar an sake ta cikin garke. Tsohuwar ta laluba ta kamo hannunta ta ce, "'Yar nan, ubanki ya tafi min da ƙane, ni kuma na tafi miki da uba. Ya isa haka. Kada kowa ya sake taka ƙafa saboda mu. A bar yaron a tasha, ai ya saba jira, ni ma na kusa zuwa in same shi." Dakta ta zare hannunta a hankali. Sannan ta tashi, ta shiga garken da fararen takalmanta na asibiti, ta kamo akuyar da kanta, ta mayar da ita turkenta. Abin da ta gaya mana a waya shi ne, "Har yanzu ban yarda da reshenku ba, kada ku ɗauka na sauka. Amma babana bai taɓa yin shiru a banza ba, kuma ba zan bari wannan ya zama na farko ba." Da aka ji Dakta ce za ta ƙarasa tafiyar, wasu dattawa suka fara gunaguni cewa mace ba ta ɗaukar reshe. Mama MaGumbi ta dube su daga kan katifar makoki ta ce, "Duk shekarun nan kuna da ƙafafu." Maganar ta mutu a nan. Gogo Sizani ta ba Dakta izinin ɗaukar reshen, iyalan Mbokazi ma sun ba ta nasu, domin yanzu mutum biyu ne ke jira a cikin motar nan.

Ƙungiya ta samu saƙonni daga masu girma manyan jami'an gwamnati da shugabannin siyasa, tare da tayin babbar jana'iza a filin wasa, da tuta, da fareti, da jawabai. Mun gode, kuma marigayi ya cancanci abin da ya fi haka. Sai dai ba za mu yi kamar mun manta ba cewa wasu daga cikin masu aiko furanni a yau su ne waɗanda wayarsu ba ta shiga a lokacin da yake neman motar da za ta kai iyalai Angola, kuma wannan shi ake kira ihu bayan hari. Muna roƙonsu cikin ladabi su riƙe jawabansu tukuna, filin wasa ba ya gudu. Ba za a saka Baba Velaphi a ƙasa ba sai an ƙarasa aikin da ya fita yi, kuma aikin nan ba a yin sa da jiniya.

A madadin kwamitin amintattu, da majalisar dattawa, da 'ya'yan ƙungiya a duk inda suke, da iyalan da marigayi ya dawo musu da nasu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu Mama MaGumbi, wadda ta raba mijinta da tashar jirgi, da daji, da tsibiri, da majalisa, da matattu, ba ta taɓa samun sa ita kaɗai ba. Ga Dakta Nokwazi da ƙannenta da jikoki. Ga dukan zuriyar Mbokazi. Da kuma Gogo Sizani Zibane, wadda ke makoki biyu a tabarma ɗaya. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙansa, ya ba shi hutun da bai taɓa ba kansa ba, ya sanyaya zukatan iyalansa, ya ba su juriyar wannan babban rashi. Mu kanmu zuciyarmu ta karye. Ofishinmu ya yi shirun da ba mu saba da shi ba, muna ta duban ƙofa ko za mu ji shi tafe yana faɗa tun daga titi.

A ƙarshe, muna sanar da jama'a cewa ranar Asabar mai zuwa da hantsi, Dakta Nokwazi Mbokazi za ta je tashar Mkuze da sabon reshe, ta kira mahaifinta da Fanyana Zibane kowa da sunansa, sannan motar Mista Shandu ta tashi zuwa Mahlabeni. Muna gayyatar kowa ya fito bakin hanya, a Hluhluwe, da Mtubatuba, da gadar Mfolozi. Mun san halin mutanenmu, ko kurkuku da waƙa muka shiga, amma ranar nan ba waƙa, ba guɗa, ba kirari. Maza su cire hula. Za ku ga mace sanye da baƙi a kujerar tsakiya, reshe a damanta, reshe a hagunta. Da yawanku ta duba ku a asibiti, wasunku sun goya ta tana ƙarama, kuma za ku so ku ce mata sannu da haƙuri. Kada ku ce. In wani ya manta ya gaishe ta ba ta amsa ba, kada ya ɗauka girman kai ne, ko fushin da take yi da mu. Tana gaya wa babanta sunayen koguna ne. Ku riƙe gaisuwarku sai sun shiga gida.

Sa hannu,
Kwamared Dalisu Khuzwayo
Kakakin Ƙungiyar Dawo Gida ta Tsofaffin 'Yan Gwagwarmaya
Shiyyar Arewacin KwaZulu-Natal